Kun Raka Su Filin Jirgi, Wa Ya Tarbe Su A Alƙahira?

Akwai wani hoto da na gaji da gani. Gwamna ne, ko kwamishina, ko wani attajiri mai neman kujera, ya tsaya a filin jirgin sama, matasa sun jeru a bayansa cikin sababbin kaya, kowa ya ɗaga fasfo ana washe baki. Ko kuwa uba ne ya ɗora hoton ɗansa da akwati a Facebook, ya rubuta cewa yaro ya tafi neman ilimi, ɗaruruwan mutane suna ta zuba "Allah ya ba da sa'a". Jirgi ya tashi, 'yan rakiya suka watse, mai ɗaukar hoto ya karɓi kuɗinsa. A wurinmu zance ya ƙare ke nan. A wurin yaron kuwa yanzu aka fara, kuma abin da zai biyo baya babu mai son ji.

To, yau sai an ji. Zan yi magana a kan Alƙahira, domin tana cikin biranen da 'ya'yanmu suka fi kwarara, daga Kano da Sakkwato da Maiduguri, daga Damagaram da Maraɗi, har daga zangunan Kumasi da Tamale. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 ya toshe waccan ƙofa, hankalin iyaye ya ƙara komawa Masar. Abin da ya kawo ni ɗaya ne. Watanni shida na farko su ne ke yanke wa ɗalibi hukunci, ko ya kafu ya yi karatu, ko ya watse. Kuma daidai waɗannan watannin ne gwamnati da dillalai da iyaye suke juya masa baya. Wannan sakaci ne, kuma yana da masu shi. Zan kira su ɗaya bayan ɗaya.

Amma bari mu fara da garin kansa, tun da masu rakiya ba su san shi ba. Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, sun fi mutanen jihar Kano kaf yawa, an cusa su a gaɓar kogi ɗaya. Birni ne mai jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, mai gada a kan gada, mai ƙananan motocin haya da yawancinsu ba a rubuta inda za su ba, sai dai direba ya ƙwala kira, ko fasinja ya yi masa alama da yatsu. A nan ake sauke yaro ɗan shekara 18 wanda iyakar tafiyarsa a duniya daga Gumel zuwa Kano, ko daga Tasawa zuwa Maraɗi. Ba shi da layin waya na ƙasar. Ba shi da adireshin da zai nuna wa ɗan tasi. Abin da ke aljihunsa 'yar takarda ce mai lambar wani "ɗan garinmu", wanda wataƙila ya sauya layi tun bara, ko ma ya gama ya koma gida. Hangen Dala ba shiga birni ba, amma mu da zarar an buga biza sai mu fara kiran yaro ɗan jami'ar Azhar.

An ce ai ya iya Larabci. Gaskiya ne, ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Ajrumiyya, wani ma ya shiga Alfiyya. Sai ya sauka ya tarar da Larabcin da ke bakin mai shago da direba da ɗan sanda wani abu ne daban. Ya buɗe baki da fusaha zai sayi albasa, mai shago ya dube shi ya ce "sadaƙallahul azim", 'yan kallo su kwashe da dariya. In ya daure ya isa aji, sai ya iske malamai da dama da harshen gari suke bayani, littafin ne kawai ke fusaha. Kafin ma ya kai ajin akwai tsani. Wanda takardarsa ta sakandare ba ta cikin waɗanda Azhar ta yi wa mu'adala, wato ta amince da su, sai an gwada matakinsa, a tura shi cibiyar koyon harshe, ko a mayar da shi ma'ahadi ya sake bin azuzuwan ƙasa kafin ya ga ƙofar kulliya. Uba na gida yana lissafin shekara 4, yaro kuwa zai iya cin 6 ko 7. Wa ya gaya wa uban? Babu. Wanda ya karɓi kuɗinsa ya san hakan sarai, ya yi gum.

Sai maganar wurin kwana. Azhar na da unguwar ɗaliban ƙasashen waje, Madinatul Bu'us, wadda aka gina a shekarun 1950 kusa da Abbasiyya. Gadajenta ƙidayayyu ne, kuma masu samun tallafin Azhar ne a gaba. Sauran jama'a sai su nufi Hayyul Ashir da makamantanta a Madinatu Nasr, su faɗa hannun simsar, wato dillalin gidaje. Simsar ya karɓi la'adarsa, mai gida ya karɓi kuɗin ta'amin, wato ajiyar jingina, ya ƙara da hayar wata a gaba, duk kafin a miƙa mabuɗi. Kuɗin da aka ƙulle wa yaro na wata uku ya ƙare a mako guda. Daga nan sai cunkoso, mutum shida ko takwas a shaƙƙa ɗaya, wato gidan haya guda, katifu a ƙasa, banɗaki ɗaya, kowa da lokacin barcinsa. Bayan yaƙin Sudan, da mutum sama da miliyan ɗaya suka tsallako Masar bisa lissafin gwamnatin ƙasar, haya ta yi tashin gwauron zabi a irin waɗannan unguwanni. Ba na ɗora wa 'yan gudun hijira laifi, su ma wuta suka gudo. Ina ɗora wa wanda ya ci gaba da aika wa yaro kuɗin hayar shekarar 2021 yana cewa ya yi maneji.

Ga kuma sanyi. Wanda bai kwana a Alƙahira a watan Janairu ba zai ɗauka Masar zafi ce zalla. Gidajen siminti ne da ba a yi musu abin ɗumama ɗaki ba, sanyin ya shiga bango ya zauna. Yaro ya zo da shadda kala biyar da hula zanna, babu rigar sanyi ko ɗaya, kuma a daidai lokacin ne ake jarrabawar zangon farko. Cikinsa da ya saba da tuwo da miyar kuka ya koma ful da ta'amiyya da koshari, in an samu. Gurasar da gwamnatin Masar ke sa wa tallafi ta 'yan ƙasa ce masu kati, baƙo sai ya saya a farashin kasuwa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a idon wanda ke kwance a ɗakinsa a Abuja. Su ne kuwa suke taruwa su kwantar da yaro.

Duk wannan wasa ne a kan iƙama. Takardar izinin zama ita ce ran baƙo a Masar, kuma duk shekara sai an sabunta. Ana son takarda daga makaranta, da yarjejeniyar haya mai hatimi, da hotuna, da kuɗi, da layin da ake kamawa tun asuba, a ƙarshe a ce maka "bukra", wato gobe. Makaranta ba za ta ba ka takarda ba sai rajistarka ta kammala. Mai gida ba zai rubuta sunan mutum takwas a yarjejeniya ɗaya ba. Biza kuwa tana ta cin kwanakinta, ba ruwanta. In ta mutu kafin iƙama ta fito, yaron da ya zo karatun fiƙihu ya zama mai laifi a idon doka, ya fara raɓe-raɓe, in ya hango motar 'yan sanda gabansa ya faɗi. A watan Agustan 2023 gwamnatin Masar ta fitar da doka cewa baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita zamansa. Ƙasarsu ce, dokarsu ce, ba ni da ta cewa. Tambayata ga namu ce: ɗan malamin tsangaya daga Gashuwa, a ina zai samo dala 1,000? Wa ya zaunar da shi kafin ya tashi ya ce masa, ka ga abu na farko da za ka yi ran da ka sauka?

Mu zo ga kuɗi, don a nan ake yi wa yaran nan ƙazafi. A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan fam 16 na Masar. A watan Maris na 2024 ta doshi fam 50. A watan Satumban 2023 hauhawar farashi a biranen Masar ta kai kashi 38 cikin ɗari. A gida kuma, naira da ke wajen 460 a dala a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wato aljihun uba ya tsuke a daidai lokacin da kasuwar da ɗansa ke cefane ta haukace. In yaro ya kira ya ce kuɗi ba sa isa, sai a ce ya koyi almubazzaranci, ko ya shiga abokan banza. Da ya ga babu sarki sai Allah, sai ya nemi mafita. Ya zama tafinta ga marasa lafiyan da ke zuwa asibiti daga gida, ya wuni yana jan keken wani Alhaji daga wannan likita zuwa wancan. Ko ya zama ɗan aiken 'yan kasuwa, yana sayen abaya da littattafai yana kai wa masu kago. Sana'a ba abin kunya ba ce, amma lacca ba ta jiran kowa. A tsarin Azhar, wanda ya faɗi fiye da darussa biyu sai ya maimaita shekara. Ya maimaita sau ɗaya, ya maimaita sau biyu, kunya ta hana shi faɗa, ta kuma hana shi dawowa. Haka ake samun wanda ya shekara goma a Alƙahira ba digiri, ba iƙama, ba kuɗin jirgi, a gida kuwa ana ta cewa "Malam yana Misra".

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kakanninmu sun fi mu hankali a wannan fage. A shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dibalemi, mutanen Kanem da suka ratsa Masar za su aikin Hajji suka tara dukiya suka damƙa wa wani alƙali Bamalike mai suna Ibn Rashiƙ, ya gina musu makaranta a tsohon birnin Fusɗaɗ, inda mutanensu ke sauka. Masanin tarihin Masar al-Maƙrizi ya rubuta cewa kusan duk shekara sai sun aiko da kuɗin kula da ita. A masallacin Azhar kuma, cikin sassan da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe, akwai ruwaƙin Barnawa, inda ɗalibi ke samun wurin kwana da rabon gurasa daga waƙafi. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya shahara a ilimin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. Ya samu mai masauki na mutunci har ƙarshen ransa. Mutanen da ke keta Sahara a kan raƙumi wata da watanni, ba banki, ba waya, sun gane cewa ba a tura ɗalibi sai an tanadi inda zai sa haƙarƙarinsa. Yau kusan shekara 800 bayan Dunama, muna da gwamnoni 19 a Arewa, da kasafin biliyoyi, da attajiran da ke hawa jirgi zuwa Alƙahira don a duba musu hawan jini. Gwamna nawa ne cikinsu zai tashi ya nuna gidan da jiharsa ta saya a can saboda ɗalibanta? Attajiri nawa ne ya yi waƙafin bene ɗaya?

Gwamnatin tarayyar Najeriya ita ce ta farko a layin masu laifi. An yi shirin musayar ɗalibai da ake kira BEA, wanda ƙasashe irin su Masar da Maroko da Aljeriya da Rasha da Hangari suka riƙa ba da gurbin karatu, Najeriya kuma ta ɗauki nauyin kuɗin aljihu. Waɗannan yara ba 'yan alfarma ba ne, jarrabawa suka ci. An bar su wata da watanni ba a biya ba, sannan a 2024 aka zabge alawus ɗin daga dala 500 a wata zuwa dala 220, suna tsakiyar karatu, a ƙasar da ba su da uwa ba su da uba. A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da kawo ƙarshen shirin, yana cewa ana koyar da irin waɗannan darussa a gida. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa game da gobe. Amma wanda aka riga aka tura fa? Alkawari aka yi masa, da hatimin ƙasa a kai. Gwamnatin da ke iya saya wa 'yan majalisa motocin alfarma ba ta da bakin ce wa ɗalibi babu kuɗi.

Mun kuma ga yadda ake yi da yaranmu in rana ta ɓaci. A lokacin kwaso ɗalibai daga Sudan, gwamnati ta ce ta ware dala miliyan 1.2 don hayar motoci 40, amma duniya ta kalli bidiyon ɗalibai a tsakiyar hamada suna kuka direbobi sun tsaya don ba a biya su ba. Waɗanda suka isa iyakar Masar suka yi kwanaki a yashe kafin a buɗe musu, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai 3 ga Mayu, 2023. Bayan wata huɗu Shugaba Tinubu ya kira jakadun Najeriya gida, aka shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa wasu ba. Ƙasar da ta watsa dubban 'ya'yanta a biranen duniya ta zauna ba jakada, kuma ba wanda ya ji kunya.

Gwamnonin jihohi su ne gwanayen hoto. Wannan ya tura yara don a yi masa kirari, na bayansa ya zo ya ce ba shi ya tura ba, ya ƙi biya, yara su zama abin ramuwar gayya tsakanin 'yan siyasa. Ba a Masar kaɗai ba. A 2025 sai da gwamnatin Kano ta biya bashin sama da naira biliyan 2 kafin wata jami'a a Arewacin Saifurus ta saki takardun ɗalibai 84 da suka gama karatu shekaru da suka wuce, ciki har da likitoci. An yaba wa wanda ya biya, kuma ya cancanci yabo. Amma shekarun da yaran suka yi a zaune da ilimi a ka ba takarda a hannu, wa zai biya su? Mai girma Gwamna, ko wane ne kai, ko wace jam'iyya ce taka: ɗalibin da jiha ta tura amanar jiha ce, ba ta wanda ya sauka ba.

Sai dillalai, masu kiran kansu ejan. Shago ɗaya, kwamfuta ɗaya, da allo mai hoton hasumiyar Azhar. Su karɓi kuɗin gona da na shanu, su yi wa yaro bizar yawon buɗe ido, su ce admishan na jiransa a can. Ya isa ya tarar babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ya kira ejan, waya a kashe. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa 'yan mata. A zo da sunan karatu ko aiki mai tsabta, a ƙare da aikatau a gidajen mutane, fasfo a hannun wadda ta kawo ta, sai ta biya "bashin" jirgi na shekara da shekaru. Wannan safarar mutane ce tsagwaronta, kuma aikin hukumar NAPTIP ne. Masu yi ba aljanu ba ne. A unguwanninmu suke, an san gidajensu, a sahun gaba suke sallah.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyaye, ku yi haƙuri, yau har da ku. Da yawanku ba ilimin kuke so ba, sunan kuke so, a ce ɗan wane yana ƙasar waje. Mutum zai aurar da 'yarsa, sai ya yi wata uku yana binciken asalin miji. Zai tura ɗansa wata ƙasa, ba zai yi kwana uku yana binciken makarantar ba. Ko kaza ka sayo a kasuwa, sai ka ɗaure ta kwana biyu kana zuba mata tsaba har ta san gida kafin ka sake ta. Ɗan mutum kuwa a sake shi a birnin mutum miliyan 20 da "Allah ya tsare". In an kira shi a waya, tambayar ɗaya ce: "Ya karatu?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Shi ke nan. Ba a tambaye shi me ya ci jiya ba, su nawa ne a ɗaki, iƙamarsa ta fito ko ba ta fito ba. Yaron Bahaushe kuwa an hore shi da kunya da kara, ba zai ce wa mahaifinsa yana jin yunwa ba. Wani ma tun bai cika shekara ba za a fara aika masa saƙo: ƙanwarka za ta yi aure, a turo abaya dozin. Daga ina? Kaɗaici ya yi masa yawa, ya daina fita, ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai. In labari ya iso gida sai a ce sammu ne, a shiga neman rubutu, alhali abin da ya rasa shi ne abinci, da takarda, da wanda zai saurare shi.

Tsofaffin ɗalibai su ne suka riƙe abin da ya rage na mutuncinmu a can, kuma dole a faɗa. Su ke zuwa filin jirgi da tsakar dare, su ke matsawa a katifa, su ke raka baƙo ofishin fasfo, su ke karo-karo in wani ya kwanta ciwo ko ya rasu. Aikin da ya kamata ofishin gwamnati mai kasafi ya yi, yara masu cin ful sau biyu a rana ke yin sa kyauta. Allah ya saka musu. Sai dai a cikinsu ma akwai ɓata-gari, masu ganin sabon zuwa a matsayin kasuwa: su canza masa dala a farashin zalunci, su ninka masa kuɗin haya su ci rarar, su karɓi fasfonsa da sunan taimako. Wanda ya sha wuyar baƙunta sannan ya juya ya cuci baƙo, ban san abin da ya karanta a Azhar ba.

Ban wanke masu masauki ba. Azhar ta yi wa duniyar Musulmi abin da ƙasashe masu arzikin mai da yawa ba su yi ba. Sama da shekara 1,000 tana karɓar baƙi, tana karantar da ilimin addini kusan kyauta, kuma har gobe akwai zaurukan karatu a masallacin da kowa zai zauna ba a tambaye shi ko sisi ba. Akwai Misirawa masu karamci da ke ciyar da ɗalibai don Allah, musamman da azumi. Amma akwai kuma yaran unguwa masu bin baƙar fata da sunayen raini, da masu gidan da ke ƙara kuɗi da sun ga launinka, da masu takura wa 'yan mata a hanya. Ɓoye wa yaro wannan ba tarbiyya ba ce. A gaya masa tun a gida, ya san abin da zai tarar, ya san inda zai kai ƙara.

Na san abin da wasu za su ce: ai neman ilimi sai da wuya, malaman da ma da ƙafa suka je. Na ji. Wuyar tashin dare a yi bita daban, wuyar haddace matani daban, waɗannan su ke gina malami. Amma kwana a layin fasfo saboda ejan ya yi ƙarya, da yunwa saboda wani jami'i ya danne alawus, babu abin da suke ginawa sai ƙiyayyar ƙasa a zuciyar yaro. Masu wa'azin haƙurin nan, nasu 'ya'yan in za su Landan ko Dubai, an biya hayar shekara tun kafin su tashi, uwa ma ta raka su ta shimfiɗa musu gado. Haƙuri dai sai ɗan talaka.

Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfin kowa. Kada wata gwamnati ta sake tura ɗalibi sai ta ajiye kuɗin karatunsa da na zamansa har ya gama a asusun da magaji ba zai iya taɓawa ba, kuma majalisun jihohi su mayar da hakan doka. Gwamnonin Arewa su haɗa kuɗi su sayi gida a Alƙahira wanda sabon ɗalibi zai sauka wata shida kafin ya san gari, attajirai su ƙara da waƙafi. Ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar da Ghana su riƙe sunan kowane ɗalibi, su keɓe jami'in da aikinsa kawai iƙama da matsalolin ɗalibai, da lambar wayar da ake ɗauka. A yi wa dillalan karatu rajista, wanda ya tura yaro da bizar bogi a gurfanar da shi. Ƙungiyoyin ɗalibai su rubuta ɗan littafi da Hausa, a watsa shi a WhatsApp: kuɗin haya na gaskiya, matakan iƙama, takardun da ake karɓa, abin da za a sa a akwati. Limamai kuma su ɗauki maganar a huɗuba, don amana ce.

Kai kuma uba, kafin ka sayar da gonar nan, ka samu amsar tambaya uku daga bakin ɗalibin da ke can yanzu, ba daga bakin ejan ba: wace makaranta ce ta rubuta sunan ɗana, a wane ɗaki zai kwana daren farko, kuma ina kuɗin da zai ci wata shida? In babu amsa, ka bar shi a gida. Jami'ar Bayero na nan, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan, Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar na nan. Wanda ba zai iya riƙe yaro a ƙasar wasu ba, gwamna ne ko uba, ba shi da haƙƙin tura shi.